Bugun Ƙirjin Ɗan Mardiya

Zaharaddin mahauci ne a unguwar Roumdé Adjia ta Garwa, irin mutanen nan da in sun san abu ɗaya sai su ɗauka sun gama sanin duniya. Da matarsa Mardiya ta yi haihuwar fari, ya hana ta zuwa gida wankan jego, wai garinsu Pitowa ƙauye ne. Dole uwarta, Inna Karimatu, ta ɗauro ƙullinta ta zo Garwa. Shi kuwa ko tarinta ba ya son ji.

Wata safiya bayan suna, ya karɓi jaririn an fito da shi daga wanka, ya ɗora tafinsa a ƙirjin yaron. Zuciya na bugawa fat-fat-fat. Shi a saninsa, sai ragon da aka kayar za a yanka zuciyarsa ke irin wannan gudu. Tsoro ya kama shi, shi kuma in ya tsorata masifa yake yi.

Ya hau faɗa, wai ruwan wankan tsohuwa ne ya dafa masa ɗa. Inna, da kunyar suruki, ta sunkuyar da kai ta ce haka ƙirjin kowane jinjiri yake. Maimakon ya yi shiru, sai ya ɗaga murya har matan maƙwabta suka leƙo.

"In kin saba kashe naki, ba za ki kashe mini nawa ba."

Kowa ya san Inna ta binne 'ya'ya biyu kafin Mardiya ta tsaya mata. Ta ɗauki bahon ta zubar da ruwan.

Ya tasa Mardiya gaba sai asibiti. Ungozomar, Madam Mariam, ta saurari ƙirjin yaron, ta duba leɓɓansa, ta ɗora shi a ma'auni. Ta ce lafiyarsa ƙalau. Zuciyar jariri kusan ninki biyu na ta babba take bugawa, da girma take lafawa. Abin tsoro shi ne leɓe ya yi shuɗi, ko jiki ya yi zafi, ko yaro ya ƙi nono. Ta ƙara da cewa ruwan wanka dai ya zama mai ɗumi-ɗumi. Wannan kaɗai gogan naka ya riƙe, yana ta maimaita shi a hanya, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Ya wuce kasuwa. Da la'asar ya dawo da ƙullin hanta, a ganinsa ya biya. A ƙofar gida ya tarar da Inna riƙe da kayanta, Mardiya a bayanta da goyo.

Ya tambayi Mardiya ina za ta, alhali an ce yaron lafiya lau.

"Na ji da kunnena," in ji Mardiya. "Amma waɗanda ka ce ta kashe ɗin nan yayyena ne. Matsa, Malam, kada motar Pitowa ta cika."