Sandar Igiyar Shanya

Bayan ɗakinmu akwai 'yar ƙasa, taku bakwai a tsawo, biyu a faɗi. Ita kaɗai ta rage a gidan, sauran duk an shafe da siminti. Babana ya yi shuka a wurin har ya rasu. Bayansa ba wanda ya ƙara taɓa ta, sai igiyar shanyar Umma da ta ratsa ta sama.

Mai gidan da muke haya, Siminti ake ce masa, amma a bayan idonsa. Ya zo wata Asabar ya tsaya yana kallon wurin kamar an zage shi.

"Maman yara, nan ma zan shafe. Taɓo kawai yake jawo min."

"Wurin marigayi ne, yallaɓai," in ji Umma.

"Marigayi ya shuka abu. Ku me kuka shuka? Wanduna?"

Umma ba ta yi dariya ba. Shi ma da ya ga fuskarta sai ya rage murya.

"Mako shida. In na dawo na ga kore, na bari. In ban gani ba, buhu uku ya ishe shi."

Da ya fita Umma ta juyo kaina. Shekara biyu ke nan da na gama sakandare, ina zaune. A takardata darasi ɗaya ne na ci da kyau: noma.

"To, malam," ta ce, "yau ga ranar takardarka."

Ba mu da na sayen dashe, kuma ban tambaya ba. Na je wajen mai tumatir na roƙi ruɓaɓɓu. Ya ba ni leda guda, yana kallona da tausayi, a zatonsa ci za mu yi. Na matse, na wanke 'ya'yan, na shanya a kan jarida. Kazar maƙwabta ta zo ta duba aikin, ta bar min jaridar. Na sake, wannan karon da waken da na ɗiba a kwanon Umma. Ya tsiro a kwana huɗu. A na biyar kazar ta zo da 'ya'yanta.

Mako biyu sun tafi.

Akwai wani ofis a hanyar tasha, mai dogon shinge. Na tarar da tsohon da ke kula da lambun wurin yana sassabe zogale, rassa zube a ƙasa. Na gaishe shi, na ce ko zubarwa za a yi.

"Zubarwa mana. Kana so?"

Ya zaɓo masu kauri, ya zage ganyen, ya yanka sanduna goma sha biyu, kowace ta kai tsawon hannu. Kowace sanda, ɗaya bakin ya sare shi a karkace, ya yi tsini, ɗayan ya yanke shi daidai.

"Ka iya dasawa, samari?"

"Na yi a makaranta."

"Madalla. Mu ba mu samu yi ba." Ya ɗaga ɗaya. "Ka ga wannan bakin…"

"Na sani, Baba."

Ya dube ni, ya ɗaure min su da ɓawo, ya koma saransa.

Kuma na sani ɗin. Ina tuna zanen a allo: bakin da aka sare a karkace shi ne sama, don ruwan sama ya zame, kada ya kwanta ya ruɓar da reshen. An tambaye mu a jarrabawa, na ci.

Bakin da yake daidai ba ya shiga ƙasa da turi, don haka sai da na haƙa wa kowace rami. Wuni guda na yi. Umma ta fito da bokitin wanki ta tsaya.

"Kai kuwa wace irin wahala ce wannan? Ba ga tsini nan ba?"

"Umma, kimiyya ce."

"Au. To Allah ya ba da sa'a."

Goma sha ɗaya wurin ya ɗauka. Ta ƙarshe na jefar gefe. Igiyar Umma ta daɗe tana lanƙwasa, zannuwa na jan ƙasa, sai ta ɗauki sandar, ta soka tsinin a kusurwa, ta buga da dutse sau uku, ta ɗora igiya. Na so in yi magana, na ga sanda ɗaya ce, a bar mata.

Na yi shinge da tsohon gidan sauro saboda kazar. Safe da yamma ina ban ruwa. Sanduna goma sha ɗaya a jere, tsini sama, kamar sojoji. Mako guda, shiru. Mako biyu, ɓawon ya fara yamushewa. Na ƙara ruwa. Na ƙara taki. A mako na uku na daina gaya wa Umma cewa saiwa ce suke yi tukuna.

Saura kwana biyu, na zo kwashe shanya, na ga abu a jikin sandar igiya. Ganye ne ƙanana, tsiro uku, kore shar. Ba wanda ya taɓa ba ta ruwa, sai abin da ke ɗiga daga wandunana.

Na tuge ɗaya daga cikin nawa na kai wa tsohon. Ya juya ta, ya ga ƙasa a bakin da yake daidai.

"Wa ya dasa maka ita a kife?"

"Wani ne."

"Ka gaishe shi." Ya kankare ɓawon da farce, busasshe. "In ka zage ganye, ina za ka gane sama da ƙasa? Shi ya sa nake fiƙe gindin. Shekara talatin haka nake yi. Wanda ma bai san komai ba zai soka tsini a ƙasa."

"Akwai saura?"

"Sai baɗi."

Siminti ya zo ranar da ya ce, da magini da buhu uku. Ya bi sandunana da kallo ɗaya bayan ɗaya, kallon da ya fi zagi. Umma ta ɗage zani daga kan igiya, ta nuna masa kusurwa.

"Ka ce kore, yallaɓai."

Ya duƙa, ya taɓa ganyen, ko manna shi aka yi.

"Ni ba na magana biyu," ya ce. Ya karɓi bokitin Umma, ya kife shi a ƙasa ya ga faɗin bakin, sannan ya zana da'ira daidai haka kewaye da sandar. "Inda kore yake, na bari."

Magini bai zo da lebura ba. Siminti ya dube ni.

"Kai, ai ba abin da kake yi. Ka iya kwaɓi?"

Na buɗe baki, na tuna, na rufe.

"A nuna min," na ce.

Shi ne aikin farko da na samu tun da na gama makaranta. Ni na tuge sauran goman, ni na kwaɓa, ni na zuba. Magini ya ce hannuna ba laifi.

Yanzu zogalen ya wuce kaina. Abin da ya rage na wurin Babana ke nan, faɗin bakin bokiti. Umma tana zama kusa da shi da yamma. Rannan na ɗebo ruwa zan zuba masa, ta tare ni da hannu.

"A'a, malam. Ajiye. Ka je can da kimiyyarka."