Fuskar Nasiba

Littafin ya bugi garu ya faɗo kusa da ƙafata daidai lokacin da na shigo da kwanon romo. Baba Dilmurad ne ya jefa shi, mutumin da ciwo ya kwantar har cokali yake gagararsa.

"Ɗauka ki duba, maƙwabciya," ya ce yana haki. "Wannan ce Nasiba?"

Duk layinmu a unguwar Lyari mun san Nasiba. Kakar kakarsa ce, wadda aka sato daga gaɓar Afirka aka sayar a bakin tekun Makran. Shekara da shekaru yana rubuta labarinta, yana bin tsofaffinmu 'yan Sheedi, jikokin bayin da aka kawo daga Afirka, gida-gida, yana tambayar yadda ake ɗaura zane a wancan zamani da waƙar da ake yi wajen niƙa. Amma a bangon littafin wata fara sol aka zana, mai siririn hanci da gashi har gadon baya.

Tauqir, wakilin kamfanin ɗab'in da ya kawo littafin daga Lahore, yana tsaye a kan tabarma, ko takalmi bai cire ba. Ya yi ta bayani wai ba a taɓa kalma ko ɗaya a ciki ba, kasuwa ce kawai ba ta son baƙar fuska a bango.

"An sayar da ita sau ɗaya saboda fatarta," in ji Baba. "Yanzu kun feɗe fatar don ku sake sayar da ita."

'Yarsa Mahnaz ta nuna wa Tauqir ƙofa. Ni kuwa na bi shi har titi ina zazzaga masa masifa, sai da mai shayi ya bar tukunyarsa ya fito kallo. Har yau ban huce ba.

Daga ranar Baba bai ƙara cin abin kirki ba. Ya sa Mahnaz ta yi masa alkawarin babu wanda zai karanta littafin a unguwar nan da wannan bangon. Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Bayan an kai shi makwancinsa, kwalayen littattafan suka iso. Muka zauna a tsakar gidansa, mu matan layi, kowa da wuƙar gyaran kifinta, muna yanke bangon ɗaya bayan ɗaya. Mahnaz ta ɗauki wanda aka fara gamawa ta ɗora a cinya, ta soma karanta mana a hankali, iskar teku tana ɗaga gefen takardar.