Mai Tsagaggen Kunne

Lurwanu ya ɗaure bakin buhu, muzurun da ke ciki yana ta yaƙushi.

"Malam, ina za ka da kyanwar mutane?" matarsa Ummulkhairi ta tambaya.

"Ɓera ya dami wani."

Ƙarya yake, kuma ta sani.

Shekarun yunwa, lokacin yaƙin Turawa, sun ƙarar da agwada, wannan ɗan naman dutse mai kama da zomo, a duwatsun unguwar Nakkasa da ke ƙasa mai tsarki. Bayan yaƙi Lurwanu da ƙanensa Dawuda suka sayo wasu a hanyar Ɗa'ifa don miya. Liman ya ce tunda sun shigo da su Harami, inda aka hana kashe naman daji, ba yanka, sai saki. Kowa ya saki nasa a dutsen bayan gidansa. Lurwanu har tsaga kunnen macen agwadarsa ya yi, don ya shaida ta.

Nasa suka ɓace ƙurmus. Na Dawuda kuwa, wai! Sai haihuwa suke. Yanzu kowa cewa yake Dutsen Dawuda, alhazai ma hawa suke kallo, suna cewa yaron nan hannunsa da albarka. Yaron da Lurwanu ya goya tun daga Sudan! Abin na cin sa, ko tuwo ba ya jin daɗinsa. Muzuru ɗaya mai yunwa ya isa ya gama da 'ya'yan.

Ya hau ta bayan dutsen yana haki. Ga su nan birjik suna shan hantsi. Ya tsuguna, ya kama igiyar buhu.

Sai wata tsohuwar agwada ta fito daga rami, ƙanana na bin ta, ɗaya ɗare a bayanta. Kunnenta na hagu a tsage.

"Ke!" ya ce. "Ashe nan kika yo? Me na yi miki?"

Ta dube shi, ta ci gaba da tauna ganye.

"Yaya! Marhaba!" Dawuda ne, ɗauke da kaskon ruwa. "Ka ga uwar gida? Yawancin waɗannan jikokinta ne. Ban ma san inda ta fito ba. Me ke cikin buhun?"

Lurwanu ya ƙara wa igiyar ƙulli, ya saɓa buhun.

"Ruwan nan ya yi mata kaɗan," ya ce. "Gobe ni zan kawo."