Notin Kyamarar Muntaka

"Kar ka matsa masa, Ɗanliti! Za ka ɓata min ramin."

Muntaka ne ke min tsawa daga kwance, da ɗan abin da ya rage na muryarsa. Maƙwabcina ne, kuma shi ne mai hoton garinmu. Shekara ashirin yana ɗaukar amare da masu suna, amma ko hoto ɗaya nasa babu. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, matarsa Larai ta roƙe shi ya bar mata fuskarsa a takarda.

Shekarar ta zo da wuya, gero ya yi tsada, fim ɗin ɗaukar hoto ya ɓace a kasuwa. Ɗauka ɗaya tak ta rage a kyamararsa. Na ce ya kawo in ɗauke su.

"Kai da ko kofin koko sai ka zubar? A kan ƙafarta za mu ɗora ta, ta ɗauka da kanta. Kai ma ina so ka shiga."

Ƙafar nan mai sanduna uku tana da ɗan faranti da ake ɗaure wa kyamara a gindi da noti. Haƙoran notin sun cinye. Ni kuwa sarkin dabara, na je wurin mai gyaran keke na samo wani, kaurinsu ɗaya. Ya shiga zagaye ɗaya ya cije.

Muntaka ya shafa shi da farce. "Haƙoransa ba irin nata ba ne. Nata sai Kano."

"Mu ɗaure ta da roba mana, Malam," in ji Larai.

"Ta karkace, in bar miki hoton katanga? Jibi ma rana ce."

Sai ranar kasuwa na samu motar Kano. Na zaga Sabon Gari rumfa-rumfa da tsohon notin a aljihu, har wani dattijo ya zaro irinsa daga gwangwani. Murna na yi ta yi a hanya, ina shirya tsiyar da zan yi wa Muntaka.

Na sauka bayan la'asar, na tarar da tabarmi a ƙofar gidansa. Da azahar aka kai shi. Ban samu sallarsa ba, abin da har yau yake ci min rai.

Bayan addu'ar uku Larai ta miƙo min kyamarar daga bayan labule.

"Gwada mu gani," ta ce.

Na kafa ƙafar a tsakar gida, na murza notin. Ya shige sumul har ƙarshe. Na sa ido a ramin leƙawa. Kujerarsa na nan jikin rumbu, inda Larai ta ajiye ta tun ranar da na tafi, da hular da ta wanke masa a kai.