Wa'azi Biyu a Mumbari Ɗaya

Fasto Ezra ya ɗaga yatsa, ya sake jefo wata kalmar Helenanci, sannan ya dubi Malachi, wai ya fassara. Shekara tara Malachi yana tafinta a wannan ƙaramar majami'a ta Keffi, bai taɓa jin haushin aikin kamar yau ba.

Daga Legas aka turo Faston, da sabuwar Fijo da digiri biyu, amma ko "sannu" bai iya ba. Rabin awa ke nan yana lissafa shekarun da aka rubuta wasiƙun manzanni. Tsofaffi sai gyangyaɗi suke.

A benci na biyu Paulina ke zaune. Wata biyu da suka wuce tankar mai ta take mijinta a hanyar Akwanga, yau ce fitowarta ta farko. Malachi ne ya yi ta sintiri gidanta kafin ta yarda.

"Sau ɗaya zan zo, Malam," ta ce masa. "In Allah ba shi da abin faɗa mini, kada ka ƙara tako ƙofata."

Ga ta yanzu tana gyara ɗankwali, tana laluben takalminta da ƙafa. Ran Malachi ya ɓaci. Masu jin yunwa aka tara ana koya musu sunan tukunya!

Fasto ya ambaci wata shekara, ya dakata. Malachi ya san idan ya sauya maganar Fasto dattawa suka gane, aikinsa ya ƙare. Duk da haka ya buɗe baki.

"Yesu ma ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya yi kuka. Bai ce wa 'yan'uwan mamacin su yi shiru ba. Tare da su ya tsaya."

Fasto ya ci gaba da shekarunsa, Malachi ya ci gaba da kabarin. Paulina ta bar takalmin. Can ta fashe da kuka, mata suka riƙe ta, ba ta fita ba har aka tashi.

A bakin mota Fasto ya dafa kafaɗar Malachi yana murmushi.

"Ka ga amfanin zurfin karatu?" ya ce da Turanci. "Lahadi mai zuwa za mu maimaita shi a Garaku."

Malachi ya sa masa jaka a mota.

"To," ya ce da Hausa. "Bari in fara tambaya wa aka yi wa rasuwa a can."