Satin da Mama Ta Riƙe Aji Huɗu

Makarantar tana da azuzuwa shida da malamai biyar. Da malamar aji huɗu ta tafi hutun haihuwa, suka koma huɗu. Hedimasta ya liƙa takarda a ƙofa cewa ana neman malamin wucin gadi na wata uku. Mutum biyu ne suka zo. Ɗaya saurayi ne da ya gama karatu yana jiran aiki. Ɗayar tela ce mai ɗinka rigunan makaranta, wadda ta taɓa fara kwalejin horon malamai ba ta ƙarasa ba, abin kuma bai taɓa fita daga ranta ba. Ita ce mahaifiyar Auta, yarinyar da take zuwa ta ɗaya a aji huɗu.

Aka ɗauko wata tsohuwar malama da ta yi ritaya ta horar da su kwana goma. Bayan nan kowannensu zai riƙe ajin sati ɗaya, ranar ƙarshe ta zauna a baya ta duba, wanda ya fi a ba shi aikin. Abu guda ta fi nanata musu: kada malami ya bi hannun da ya fara tashi. Ya zagaya ya nemo wanda ya kasa, ya durƙusa kusa da bencinsa har sai ya gane.

Saurayin ya yi satinsa ya wuce. Ranar da Mama ta shigo da alli a hannu, Auta ta gyara zama a bencin gaba tana jin kanta. Tambayar farko, hannunta ya riga na kowa tashi. Mama ta dube ta, ta wuce can baya wurin Mai Giɓi, yarinyar da har yanzu da yatsu take lissafi. Ta durƙusa, ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Sannu a hankali, 'yata. Sake gwadawa."

'Yata! Kalmar ba ta bar kunnen Auta ba har aka tashi.

A gida ta ajiye jaka da ƙarfi.

"Sau tara na ɗaga hannu."

"Na gani," in ji Mama, tana zare zare daga bakin keken ɗinki. "Har na ji tsoron kar ya ɓalle."

"To me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Ke ai kin iya."

"Ita kuma 'yarki ce?"

Mama ta yi dariya ta ja mata kunne. Auta ba ta yi dariya ba.

Haka aka yi Talata, aka yi Laraba. Ranar Alhamis Mai Giɓi ta ci lissafi uku cikin biyar, Mama ta sa aka tafa mata. Auta da ta ci biyar ko kallo ba ta samu ba. Ta tafa da yatsu biyu.

Ranar Juma'a tsohuwar malama ta zo ta zauna a baya da littafinta. Mama ta rubuta lissafi biyar a allo. Auta ta dubi na farko, ta san amsar, ta rubuta wata daban. Haka ta yi wa sauran huɗun, sannan ta kifa kai a benci.

Dabarar ta yi aiki. Mama ta zo, ta duba, ta durƙusa. Auta ta ji ƙamshin sabulunta.

"Bakwai sau takwas?" Mama ta raɗa mata. "Tun kina aji biyu kin san wannan."

"Na manta, Malama. Ki koya mini."

Mama ta gane, amma ba ta iya tashi ta bar takarda haka ba ga baƙuwa tana kallo. Suka bi lissafin ɗaya bayan ɗaya, Auta na jan kowanne. Can baya hannun Mai Giɓi ya tashi a karon farko, ya daɗe a sama, ya sauka. Aka kaɗa ƙararrawa.

Tsohuwar malama ta karɓi littafin Auta ta juya shafuka.

"Wannan ba ita ce ta ɗaya ba?" ta tambayi hedimasta a ƙofa. "Cikin sati guda ta koma haka? Kuma rabin darasi ya ƙare a kan benci ɗaya, bencin 'yarta."

Aka ba saurayin ajin.

Litinin da yamma Auta ta dawo ta tarar da Mama a kan keke. Mama ba ta yi mata faɗa ba. Ta tambaye ta me aka koya yau, a wane shafi aka tsaya, ko an kira Mai Giɓi.

"Ba a kira ta ba," in ji Auta.

Mama ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɗinki, kwalin allin da ta saya da kanta yana kan taga ba a ko kai rabinsa ba. Auta ta zauna kusa da ita, babu kowa a tsakaninsu. A nan ta gane cewa mamarta tana son aikin nan ƙwarai, ta kuma iya shi, kuma ita ce ta raba ta da shi.