Gawie Ya Gyara Hanya

Shekara ashirin da shida Gawie Swarts ya yi yana tuƙa gireda a hanyoyin burji na kwarin Vaalkloof, ba a taɓa kiransa ofis don a hana shi aiki ba sai ran wata Litinin a farkon Satumba.

Meneer Plaatjies, shugaban sashen hanyoyi, yaro ne a kansa, a gabansa ya girma, Oom ma yake ce masa, wato kawu. Shi ya sa ya kasa haɗa ido da shi, ya yi ta jujjuya takardun da ke kan teburinsa.

"Oom Gawie, hanyar Wuyan Jaki ɗin nan a bar ta tukuna. Sati uku kacal."

"A bar ta kamar yaya?"

"Akwai tseren keke ƙarshen wata. Masu shirya tseren sun rubuto, masu gonakin inabi duk sun sa hannu. Sun ce a yadda take ɗin nan suke sonta."

Gawie ya tsaya jiran dariya ta biyo baya, bai ji ba. Wuyan Jaki tudu ne da hanya ke hawa ta bi tsakanin gonakin inabi, ta faɗa bayan tsauni inda gidajen ma'aikata goma sha huɗu suke, har da nasa. Ruwan Yuli ya yi wa hanyar fata-fata. Ya yanka ta gida-gida, ya kwashe burjin ya bar duwatsu tsirara, inda bai yanka ba kuwa gargada ce kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Tun watan jiya motar asibiti da ke zuwa duk Laraba ta daina hawa. Direban ya ce ba zai karya motar gwamnati ba, sai ya tsaya a gada, mai ciwo ya san yadda zai yi ya sauko kilomita huɗu.

"Meneer, ka san motar asibiti ba ta hawa?"

"Na sani."

"To mutane fa?"

"Sati uku ne, Oom. Daga sama maganar ta zo, ni ma umarni aka ba ni."

Gawie ya sa hularsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Da yamma yana komawa gida a ƙafa daga gada, ya tarar da wani saurayi dogo a tsakiyar tudun yana kafa alamun kibiya. Wikus ne, mai shirya tseren, sanye da matsattsun kayan nan masu sheƙi. Ya ga rigar aikin Gawie, ya taho da fara'a ya miƙa masa hannu.

"Oom ne mai gireda? Mun gode ƙwarai da kuka fahimce mu. Dubi nan don Allah! Wallahi ko da gangan aka tsara ba za ta kai haka kyau ba. Mutane har daga Jamus suke zuwa saboda gangaren nan."

"Su zo su yi me?"

"Su sha wuya mana, Oom! Daɗin ke nan. Mutum ya sauko hannunsa na rawa, haƙoransa na kaɗawa."

"In wuya suke so, su zo yankan inabi a watan Fabrairu," in ji Gawie. "Kyauta ma za a ba su."

Wikus ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗauka raha ce, har da dafa masa kafaɗa.

A gida ma bai sami mai taya shi fushi ba. Matarsa Lenie ita ce shugabar matan coci, kuma shekara uku ke nan duk ranar tsere suna kafa rumfa a ƙoƙon tudun, suna sayar wa 'yan keke burodin da ake gasawa kan garwashi, da man shanu da miyar zaƙi ta dafaffun 'ya'yan itace. Da abin da suka samu bara aka sake rufin cocin, bana kuma tagogi suke so su sa.

"Kai dai a ce maka zauna ka zauna ya gagare ka," ta ce tana tankaɗe fulawa. "An ce ka huta sati uku, sai ka ce zagin ubanka aka yi."

"Lenie, hanya ce. Aikina ke nan. An ce in bar ta lalace don wasu su yi wasa."

"Masu wasan nan su suka rufa mana coci."

Ran Laraba da safe ya ga abin da ya ƙarasa shi. An ɗauko Antie Sanna Koopman, maƙwabciyarsu mai ciwon sukari, wadda gyambon ƙafarta ke buƙatar wanki duk mako. An shimfiɗa mata katifa a tirelar tarakta, 'yarta na riƙe da ƙafar. Duk ramin da tayar ta faɗa sai tsohuwar ta saki ƙara ta kira sunan Ubangiji. Gawie na biye da su a ƙafa. A daidai kwanar da ta fi muni wasu 'yan keke uku masu gwajin hanya suka taho a guje, suka kauce wa taraktar, na ƙarshensu ya ɗaga hannu yana murna.

"Barka da asuba! Kun more hanya wallahi!"

Ƙurarsu ta sauka kan bandejin Antie Sanna. Gawie ya bi taraktar har gada.

Washegari takardar aikinsa ta ce ya je hanyar madatsar ruwa, wadda ke hannun dama in an fito daga garejin. Ya duba mai, ya duba tayoyi, ya tayar da inji ya bar shi ya yi zafi. Da ya iso mararraba sai ya karya hagu.

Bai yi aikin fushi ba, aikin gwani ya yi. Ya fara da buɗe magudanan gefe da suka toshe, ya jawo burjin da ruwa ya tara a can ya maido shi kan hanya. Ya saukar da wuƙar giredar ya aske gargadar tun daga tushe, don in sama-sama aka shafe ta, sati biyu ta dawo. Ya cike yankan ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga tsakiyar hanya kaɗan yadda ruwa zai riƙa gangarawa gefe. Masu aiki cikin inabi suka ɗago suna kallo, wasu na yi masa fito. Kafin la'asar Wuyan Jaki ta kwanta sumul tun daga gada har ƙofar coci.

Yana zagayen ƙarshe Wikus ya iso a motarsa, ya gicciya ta gaban gireda ya diro.

"Me ka yi haka? Me ka yi? Ka kashe ta! Mutum ɗari bakwai sun yi rajista saboda wurin nan, yanzu ko kakata za ta hau shi da keken zuwa kasuwa!"

Gawie ya kashe inji, ya leƙo daga sama.

"To ka kawo ta. Mu ma namu kakannin yanzu za su iya hawa."

"Wa ya ba ka izini? Ka san ko da wa na yi magana a kan hanyar nan?"

"Ɗan nan, kafin a haife ka nake gyaran hanyar nan. Kai sau ɗaya kake binta a shekara. Janye motarka, ina da sauran aiki."

Ran Juma'a Meneer Plaatjies ya karɓi makullin gireda. Aka zauna da Gawie, mutum uku a bayan tebur, aka ce ya rubuta takardar ba da haƙuri magana ta wuce.

"In ba wa haƙuri? Hanyar?"

"Oom, kada ka sa abin ya yi tsawo."

"To ku rubuta laifina da bakinku in sa hannu. Ku rubuta: ma'aikacin hanya ya gyara hanya."

Suka rubuta rashin biyayya ga na gaba. Aka sauke shi daga gireda har ƙarshen shekara, aka tura shi riƙe allon tsayar da motoci a babban titi inda ake facin kwalta.

Laraba ta zagayo, motar asibiti ta hau har ƙofar gidan Antie Sanna. Gawie ya ɗauka ko ba komai mutanen bayan tsauni za su tsaya masa. Amma saura kwana biyu tsere Wikus ya cire kibiyoyinsa ya mayar da su wata gona a ɗaya gefen kwarin, inda ya sami hanyar da ruwa ya fi ci. Babu wanda ya tuna ya gaya wa matan coci. Ran Asabar suka kafa rumfa tun da safe, suka hura garwashi, suka gasa burodi kwando shida. Suna tsaye a ƙoƙon tudu suna hangen 'yan keke can nesa kamar jerin tururuwa, suna bin wani tsaunin daban. Har azahar mutum biyu ne suka bi ta wurin, su ma ɓata suka yi.

Matan suka sauko da kwandunan suka jibge a ƙofar gidan Gawie.

"Ga shi nan, gwanin hanya, sai ka cinye," in ji ɗaya.

"Sati uku! Sati uku ya gagare shi haƙuri!" Wannan kuwa 'yar Antie Sanna ce, wadda ta riƙe ƙafar uwarta a tirela.

Gawie ya dube ta.

"Har da ke, Marietjie?"

"Har da ni, Oom. Wata guda muna saukowa a tarakta ba mu mutu ba. Tagogin coci fa, kai za ka sa mana?"

Lenie ba ta yi masa faɗa gaban mutane ba. Kwana tara dai ta yi tana ba shi burodin nan, safe da rana, har ya bushe sai an jiƙa a kofi. Ya ci bai yi ƙorafi ba, kuma bai ce ya yi kuskure ba. A rana ta goma ta dafa masa naman tunkiya da kabewa, ta dire kwanon gabansa da ƙarfi.

"Taurin kai dai kamar na ubanka," ta ce, ta ja kujera ta zauna suka ci tare.

A babban titi kuwa, ƙa'ida ta ce mai allo yana iya tsayar da masu wucewa har minti goma. Motocin inabi da na 'yan makaranta, da hanya ta buɗe Gawie ke juya musu allo su wuce. Amma ran Asabar da safe, in garken 'yan keke ya taso daga gari za su shiga burji, sai ya juyo musu jan gefen, ya duba agogonsa. Su tsaya cikin rana, ƙafa ɗaya a ƙasa, suna leƙen titin da babu kowa a kai.

"Oom, ai babu mota!"

"Saura minti bakwai," in ji Gawie.